Gaskiya ko Jita-jita: Rabon Ruwa a Lambun Tarayya

Daga ɗaukewar ruwan sama a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba har zuwa faɗuwar damina a Mayu ko Yuni, duk tumatir ko albasa ko latas da ya fito daga ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, wani ne ya jawo masa ruwa da kuɗinsa da guminsa. Waɗanda ke gefen dam ɗin Zobe, wajen Makera da Garhi, suna da babban rabo. Madatsa ce da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, tana iya riƙe ruwa sama da mita kubik miliyan 170, kuma mai inji yana iya jefa mesarsa a bakin ruwa ya ja. Mutanen Barkiya da ƙauyukan da ke nesa da dam ba su da wannan gatan. Abin dogaronsu shi ne ruwan da damina ta bari a ƙarƙashin yashin rafi da cikin fadama, wanda ake cimmawa ta gajeruwar rijiya ko bututun da aka kafa a ƙasa.

Ba kowa ke da ƙarfin mallakar rijiya da inji da mesa shi kaɗai ba. Shi ya sa za ka tarar da 'yan gida ɗaya, ko abokai, ko ƙungiyar mata, sun haɗa kai: fili ɗaya an yanka shi fangali-fangali, inji ɗaya, ana karo-karon kuɗin mai, ana ban ruwa karɓa-karɓa. A zamanin jigo da guga ƙarfin damtse ne ke ƙayyade abin da shuka za ta sha, babu mai iya wuce gona da iri. Da shirin Fadama na Bankin Duniya ya baza ƙananan injuna a Arewa a shekarun 1990, sai aljihu ya zama shi ne linzami. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. Yanzu duk kuskuren ban ruwa da naira ake biyan sa, kuma a lambun tarayya kuskuren mutum ɗaya kowa ke biya.

Yawancin saɓanin da na gani tsakanin abokan lambu, in ka bi diddiginsa, za ka iske ya tsaya ne a kan wata magana da aka gada game da abin da shuka take so. Wasu maganganun suna da tushe, wasu rabi da rabi, wasu kuma sun yi daidai a wata ƙasa amma sun zama ɓarna a wata.

"Ruwan rana yana ƙone shuka"

Wannan ta fi kowace jawo ɓacin rai wajen rabon lokaci. Kowa na son layin asuba, wanda aka ba tsakanin hantsi da azahar kuwa yana ganin an cuce shi. Abin da ake faɗa shi ne, ɗigon ruwa a kan ganye yana tattara zafin rana wuri guda har ya ƙona shi.

An gwada wannan. A 2010 wasu masana na Jami'ar Eötvös da ke Budapest a ƙasar Hungary, cikinsu har da Gábor Horváth, sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi: sun ɗiga ruwa a kan ganyaye masu santsi, suka bar su a rana, ba su ƙone ba. Ɗigon yana manne da ganyen, yana sanyaya shi, kuma yana bushewa kafin ya yi wata illa. Inda suka ga ƙuna shi ne wani tsiron kan ruwa mai gashi, wanda gashinsa ke ɗaga ɗigon sama da fatar ganye. Mu ma ai shaidu ne: sau nawa ake sheƙa ruwa da azahar a watan Agusta, rana ta buɗe nan take, gero da wake ba su ce uffan ba? Balle ma a lambunanmu ruwa ta ƙasa yake shiga fangali, bai taɓa ganye ba sam.

Amma dattawan da suka ce sun ga ƙuna ba ƙarya suka yi ba, sun dai ɗora wa rana laifin wani ne. Ruwan da ya wuni a cikin baƙar mesa a ranar bazara yana iya ƙona hannu, balle ƙaramin iri. Na farkon da ya fito, a bar shi ya zuba gefe sai ya huce. Takin zamani ko maganin ƙwari da aka dama aka yayyafa da tsakar rana yana ƙona gefen ganye. Haka ruwan rijiyar da ke da gishiri-gishiri. Dashen da aka yi da rana kuma yana mutuwa ne don an tsinke masa saiwa, ganyensa yana zubar da ruwan da ba shi da hanyar mayarwa.

Saura batun asara. Mai yayyafi da gwangwani ko butar ban ruwa cikin iska mai zafi, lallai yana asarar wani kaso kafin ruwan ya shiga ƙasa. Mai cika fangali kuwa asararsa ba ta kai yadda ake zato ba, don ruwan yana nutsewa cikin mintuna, kuma ko da asuba aka ba shi, saman ƙasar zai wuni a jiƙe a ƙarƙashin ranar nan dai. Safiya ta fi, babu musu. Sai dai tumatir da tattasai da suka kafu ba abin da ruwan azahar zai yi musu illa alheri. Don haka layin asuba haƙƙin mai renon iri ne, da mai sabon dashe, da mai latas. Bai kamata ya zama kujerar mai inji ko ta wanda ya fi kowa shekaru ba, kuma na tabbata dattijon kirki in aka yi masa bayani shi zai fara cewa a ba yaro.

"Kullum sai ta sha" da "kwana biyar ya isa"

A nan abokan lambu suke rabuwa gida biyu, kowane yana da hujja daga abin da idonsa ya gani. Lissafi kaɗan yana warware ta.

Milimita ɗaya na ruwa shi ne lita ɗaya a kan filin da ke da mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi. Da hunturu, lambun da ganyensa ya rufe ƙasa yana shan wajen milimita 5 zuwa 6 kullum a yankinmu. In bazara ta kankama a Maris da Afrilu yakan kai 7 zuwa 8. Ke nan fangali mai mita 2 da mita 3 yana buƙatar lita 30 zuwa 36 a rana da hunturu, kusan jarka ɗaya da rabi mai lita 25, da bazara kuma jarka biyu. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa daga dashe zuwa girbi albasa tana shan milimita 350 zuwa 550, tumatir 400 zuwa 600, tattasai da attaruhu kuma 600 zuwa 900.

Wannan adadin abin da shuka ke sha ke nan. Sau nawa za a ba ta kuwa, ƙasa ce ke faɗa, domin ƙasa mazubi ce: jigawa ƙoƙo ce, laka randa. Zurfin mita ɗaya na rairayi yana riƙe wa shuka milimita 25 zuwa 100 kacal. Ƙasa mai gaurayen yashi da laka tana riƙe 100 zuwa 175, laka kuma 175 zuwa 250. Sannan shuka ba ta shan abin da saiwarta ba ta kai gare shi ba. Albasa da latas yawancin saiwarsu ba ta wuce santimita 30, taƙi ɗaya da rabi. Tumatir da ya samu ƙasa mai laushi yana zura tasa fiye da kamu guda.

To, ɗauki mai albasa a gefen tudu inda yashi ya fi yawa. Duk abin da ƙasarsa za ta riƙe a inda saiwa take bai fi milimita 20 ba, albasa kuma tana fara jigata da zarar kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Wato milimita 6 ko 7, abin shan yini guda. In ya ce kullum ko bayan kwana ɗaya, gaskiya ya faɗa. Ɗauki kuma mai tumatir a gangaren fadama. Ƙasarsa tana riƙe masa wajen milimita 100 a zurfin santimita 60, tumatir kuma yana jurewa har kashi 40 cikin 100 ya tafi. Milimita 40 ke nan, abin shan kwana shida ko mako guda da hunturu. Shi ma da ya ce kwana biyar ya isa bai yi ƙarya ba. Kowannensu labarin fangalinsa yake bayarwa. Abin da ba gaskiya ba shi ne a ce tsari ɗaya zai ɗauke su duka.

Ga abin da ke faruwa in aka tilasta. Tumatirin laka da ake yi wa yayyafi kullum, saman ƙasa kawai ke jiƙa, saiwa ta zauna a nan ba ta nemi ƙasa ba. Ranar da inji ya lalace, makanike ya ce sai jibi, shi ne zai fara kwantawa. Albasar jigawa da ake malale wa ruwa duk kwana biyar kuwa, mafi yawan ruwan yana zarcewa ƙasa da saiwa cikin sa'o'i, sai ta kwana uku tana ƙishirwa, alhali an ƙona fetur ɗin da ya ishe ta. Iri da ke wurin reno da dashen da bai yi mako ba su kam ba a sa su cikin wannan lissafi: kaɗan-kaɗan kullum, wani lokaci safe da yamma.

Ba sai da na'ura ake gane lokaci ba. Tona gefen shuka zurfin taƙi guda, ka dumbuzo ƙasa, ka dunƙule a tafin hannu. In ka buɗe ta warwatse, ta bi ta tsakanin yatsu, an makara. In ta tsaya a dunƙule, da ka taɓa ta da yatsa ta fashe, tafinka ya ɗan yi sanyi, akwai sauran danshi amma lokaci ya kusa. In ta manne, ta bar shatin yatsunka, ta ɓata maka hannu da taɓo, a wuce wannan fangali yau. Washegarin ban ruwa kuma ka samu siririn rodi ka danna: zai shige salin-alin a inda ƙasa ta jiƙa, ya cije a inda ta bushe. Ka riƙe wurin da yatsa ka zaro, ka ga iyakar inda ruwanka ya kai. In abokan lambu suka yi wannan tare, a gaban juna, gardama takan mutu da kanta. Gani ya kori ji.

"Ga shi nan ya yi yaushi, ƙishirwa ce"

Wani lokaci haka ne. Amma da azahar ɗin Afrilu, ganyen tumatir da na kabewa da na tattasai suna langaɓewa ko da ƙasa na da danshi, saboda ganye yana fitar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya kawowa. Da la'asar sakaliya sai su miƙe. Lokacin duba yaushi na gaskiya shi ne da sassafe: wanda ya kwana bai farfaɗo ba, shi ke da matsala.

Ko shi ɗin ma ba lallai ƙishirwa ba ce. Saiwa tana numfashi, kuma ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta ba iska a cikinta. Tattasai da attaruhu in suka kwana biyu a cikin ruwa, saiwarsu takan fara ruɓewa, su yi yaushi iri ɗaya da na fari. Mai lambu ya gani, ya roƙi a ƙara masa lokaci, ya ƙarasa su da hannunsa. Akwai kuma cutar da ke toshe hanyar ruwa a cikin kara. Ana gane ta cikin sauƙi: a yanko guntun karan tumatir daga gindi, a tsoma bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garau, a riƙe ba motsi. In bayan 'yan mintuna wani farin zare mai kama da madara ya fara sauka daga yankan, ƙwayar cutar bakteriya ce. Wannan shuka ba ta da magani. A tuge ta a fitar da ita daga lambu, kuma kada a bar ruwan fangalinta ya malala na maƙwabci, don ta ruwa take yaɗuwa. In kuma aka tuge aka ga saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani. Ita ma ƙarin ruwa ba ya korar ta.

"Ruwa ba ya yi wa shuka yawa"

Wannan jita-jita ce tsantsa, kuma ita ta fi cin kuɗi. Bayan shaƙe saiwa, ruwan da ya wuce kima yana wanke takin yuriya ya kai shi inda shuka ba za ta same shi ba. Mutum ya sayi taki da tsada, ya sayi fetur da tsada, ya yi amfani da ɗaya ya kori ɗaya.

Albasa ce babbar shaida. In ta ƙosa, wuyanta ya fara laushi, lawashi ya fara kwanciya, lokacin janye ruwa ya yi, mako biyu zuwa uku kafin cira. Wasu suna ci gaba da ba ta har jajibiri, don ta yi nauyi ko don ƙasa ta yi sauƙin tonawa. Nauyin yana zuwa, amma wuyan bai bushe ba, ɓawon bai yi ƙwari ba. Wadda za a sayar a makon ba a cika gane ta ba. Wadda aka ajiye ana jiran farashin damina kuwa, wari ne zai sanar da mai ita. A lambun tarayya wannan labari ne mai daɗi ga kowa: lokacin da mai albasa ya saki, sai ya koma hannun mai tumatir da ke tsakiyar 'ya'ya.

Tumatir shi ba yawa ko ƙaranci ya fi damunsa ba kamar rashin daidaito. In ya sha ƙishirwa sannan aka malale shi, cikin ɗan yana kumbura fiye da yadda fata ke iya buɗewa, sai ya tsage, dillali ya rage kuɗin kwando. Baƙin tabon nan da ke lotsawa a ƙasan tumatir da tattasai, wanda mutane ke ruga wa shagon magani a kansa, ba ƙwaro ba ne kuma ba cuta ce mai yaɗuwa ba. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ƙarshen ɗan ba, kuma cikin ruwa yake tafiya. Duk ranar da ruwa ya yanke, isarsa ta yanke. Feshi ba ya gyara shi, ban ruwa a kan kari ne ke hana shi. Zubewar fure a ƙarshen Maris kuma galibi zafi ne: in rana ta haura digiri 35, dare ma bai yi sanyi ba, furen tumatir ba ya ɗaukar ciki sosai ko da gindinsa a jiƙe yake. Maganin wannan yana can baya, wajen yin dashe da wuri don fure ya riski sanyi.

"Awa ɗaya-ɗaya, shi ne adalci"

A baki tana da daɗi. Je ka tsaya a ƙarshen lambu ka gani. An kashe wa na kusa da inji, an buɗe wa na can ƙurya. Ruwa ya kama hanya cikin busasshiyar magudana, yana tafe yana jiƙa yashi, yana cika ramin ɓera, yana tsayawa a inda ciyawa ta toshe. Saurayin da layinsa ne yana tsaye da fartanya, kansa na ƙasa yana jiran bakin ruwa. Kafin ya iso an ci kwatan awa, kuma abin da ya iso bai kai wanda ya baro inji ba.

"Baba, wallahi fangali uku suka rage mini."

"Ka yi haƙuri, ɗana. Awarka ta cika, ga ƙanin babanka na jira."

Babu azzalumi a cikinsu. Agogo ne ya auna abin da bai kamata a auna ba. Ƙididdigar FAO ta nuna cewa magudanar ƙasa a cikin yashi, ko gajeruwa ce da ba ta kai mita 200 ba, tana cinye kashi 20 cikin 100 na ruwan. In ta fi haka tsawo, kashi 30. A laka asarar ba ta kai haka ba, wadda aka daɓe kuwa kashi 5 ne. Gwajin a fili yake: a ɗauki durom mai lita 200, a duba mintin da yake ɗauka kafin ya cika a bakin inji, sannan a tara shi a ƙarshen hanya a sake dubawa.

Wasu na kusa da ruwa sukan kafa hujja da addini, su ce ai na sama shi ke fara sha. Akwai asali. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wasu kwaruruka biyu na Madina: na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Abu biyu ake mantawa. Na farko, hukuncin ya zo da iyaka, ba a ce na sama ya riƙe sai ya ga dama ba. Na biyu, a kan ruwan da ba mallakar kowa ba ne, irin na kwari da ke zuwa da kansa. Ruwan da mutane suka haɗa kuɗi da ƙarfi suka samar, hukuncinsa daban. Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya ce ana raba shi gwargwadon rabon kowa, ya kuma ambaci awo da tukunya mai huda a gindi: a cika ta, mutum ya yi ta shayarwa har ta tsiyaye. Masu sharhi ma sun tattauna ainihin matsalar saurayin nan, wato daga yaushe za a fara ƙirga wa na nesa, daga sakin ruwa ko daga isowarsa gonarsa, kuma akwai yanayin da suka ce sai ya iso. Duk lambun da wannan ta rikice masa, ya kai wa malamin fiƙihu na garinsu, zai samu amsa.

Manoman Punjab, a Pakistan da Indiya, suna raba sa'o'i 168 na mako gwargwadon girman gonar kowa, kuma suna ƙara wa mutum lokacin da ruwa ya ɗauka kafin ya cika hanya ya iso gare shi. A Balansiya ta ƙasar Sifen, wakilan manoma suna zama duk ranar Alhamis da tsakar rana su yanke rigimar ruwa da baki, nan take, tun ɗaruruwan shekaru. Abin ɗauka a nan shi ne kada ƙorafi ya kwana da yawa. Rana ɗaya a mako, bayan sallar Juma'a ko ranar da ba kasuwa, ta ishi mutum biyar ko goma su zauna su gyara layi.

A ganina gyaran bai wuce haka ba: a fara ƙirga wa mutum daga lokacin da ruwa ya taɓa fangalinsa na farko, kuɗin man cika hanya ya zama na kowa da kowa, wannan mako a fara daga sama, mako mai zuwa daga ƙasa. In asusu ya samu sarari, tsawon mesa ko shimfiɗa leda a magudana ya fi sabon inji amfani. Kuɗin mai kuma a biya shi gwargwadon lokacin da kowa ya ci, kada mai fangali goma da mai arba'in su ba da abu ɗaya.

Ruwan dare, ciyawa da ruwan wanke-wanke

Ana cewa ruwan dare yana kawo cuta. In ganye ya kwana a jiƙe, musamman na albasa da tumatir, haka ne. In ta ƙasa aka ba shi, cikin busasshiyar iskar hunturu, ba wata illa. Abin da ya hana ban ruwan dare a yankinmu a 'yan shekarun nan rashin tsaro ne, kuma babu kwandon tumatir da ya kai ran mutum. Kada tsarin layi ya tilasta wa kowa kwana a fadama.

Ana cewa rufe gindin shuka da tattaka ko ɓuntun shinkafa yana kiran gara. Yana iya kiranta, amma busasshen abu take nema, kuma in an bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da kara, amfaninsa ya rinjayi illarsa: ƙasa tana daɗewa da danshi, tana yin sanyi, ciyawa tana raguwa. Ruwan ɗauraya na cikin gida kuma ya dace da gindin zogale ko gwanda. Mai kumfar omo da yawa yana tara gishiri a ƙasa, kuma ko wane iri ne kada ya kusanci latas da sauran abin da ake ci ɗanye.

"Tunda sola ce, ruwa kyauta ne"

Tsadar fetur ta sa wasu sun juya injinsu zuwa gas ɗin girki, masu hali kuma sun koma sola. Ci gaba ne, ina murna da shi. Famfon sola ya fi ƙarfi da tsakar rana, wanda hakan ma wani dalili ne na daina tsoron ruwan azahar. Amma hasken rana ne kyauta, ruwan ƙasa yana da iyaka.

Yankin nan a kan dutse yake zaune, duwatsun da ke tsaye a kewayen Dutsin-Ma sun isa shaida. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a irin wannan wuri yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, da tsagogi, da yashin da rafi ya tara. Ba wani kogi ne ke gudana a can ƙasa ba, ajiyar damina ce. Ruwan saman shekara a nan wajen milimita 700 zuwa 900 ne, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma kaɗan ne daga ciki ke nutsewa ya zauna. Hekta ɗaya ta tumatir mai shan milimita 500 tana buƙatar lita miliyan 5 a kaka guda. In aka haɗa da abin da ke salwanta a hanya da cikin fangali, inda ban ruwa ta ƙasa ke kai wa shuka wajen kashi 60 cikin 100 kawai, abin da za a jawo ya haura lita miliyan 8. Da fetur, mutum yana kashe inji don aljihunsa ya yi zafi. Da sola babu abin da zai tuna masa, sai ranar da famfo ya fara tari yana jan iska. Bututu biyu da aka kafa kusa da juna kuma suna janye wa juna ruwa, kuma sau da yawa daga wannan ajiyar ce rijiyar unguwa take sha, da ramin da makiyayi ke tonawa a yashin rafi don shanunsa.

Abin yi ba shi da wuya. Sau ɗaya a mako, da safe kafin a tayar da famfo, a zura igiya mai ɗan nauyi a rijiya, a auna inda ruwa yake, a rubuta a littafin da ake rubuta kuɗin mai. Daga Janairu za a fara ganin saurin da yake sauka, a kuma iya hasashen inda zai kai a Afrilu. In lissafi ya nuna ba zai kai ba, tun a Fabrairu ake yanke shawara: kada a yi sabon dashe, a janye wa albasar da ta ƙosa, a fifita abin da ke cikin fure da 'ya'ya, kowa ya saki fangali ɗaya ko biyu gwargwadon rabonsa. Littafin na bana kuma shi zai faɗa wa abokan lambu yawan fangalin da za su yanka a Nuwamba mai zuwa, tun kafin kowa ya sayi iri.